Littafi ya shiga salula, amma kuɗɗin marubutan Maraɗi na maƙale a iyaka

Assalamu alaikum Malam Edita, ina yini, ya aiki, ya iyali. Allah shi ƙara ma wagga jarida albarka. Don Allah a sam mini ɗan fili, in na yi tsawo a yi haƙuri da ni, maganar ta daɗe tana cina.

Ni mai ɗan shago ne nan Maraɗi, irin wanda ake kawo takardu a buga a kwamfuta, fotokofi, takardar neman aiki, katin biki da na suna, sai kuma memwar na ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo in ƙarshen shekara ya matso. Kafin nan na koyar a lakwal, shi ya sa har yau Mushe mutane ke ce mini. To abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ko in ce na ɗauki salula tunda yanzu da babban yatsa muke rubutu, ɗiyar yayata ce. Yarinyar nan ta zauna wata da watanni tana rubuta littafi cikin waya, da dare bayan ta gama aikin gida, wani lokaci ba wuta sai ta aika a yi mata caji a bakin titi, har ta kai ƙarshe. Ranar da ta zo shago ta ce mini Kawu na gama, ina son in sayar, wallahi na yi murna, amma abin da munka gani daga baya shi nike son in faɗa ma masu karatu don na san ba ita kaɗai ba ce.

Waɗanda sunka manyanta sun san yadda abin yake da. Littattafan hikaya daga Kano suke zo muna, su biyo Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, su sauka kasuwa, mata su saya ko su yi haya su karanta a maido, littafi ɗaya sai ya zagaye unguwa har bangonshi ya fita. Wanda kuma ya rubuta nashi a nan, sai ya ɗauki rubutun ya tahi Kano ko Yamai, kuma maɗaba'a ba ta buga ma kwafi ashirin, don kuɗɗin faranti da ɗora inji ɗaya ne ko kaɗan ka buga ko da yawa, dole ka buga da yawa kafin farashin kowane kwafi ya sauko. Ka sayar da akuyarka ka buga, ka ba ƴan kasuwa bashi, ka yi ta sintiri kana karɓar kuɗɗinka da guntu-guntu, sauran kwafin kuma gara ta ci su a ƙarƙashin gado. Sai ga rufe iyaka da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 har Disamban 2020, sai ga na bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya zo da yanke muna wuta, takarda ta yi tsada, tawada ta yi tsada, hanyar ma ta zama abin da ta zama. Saboda haka ni ban ga laifin wanda ya ce ya bar takarda ya koma waya ba. Ni da nike cin abinci da takarda ma na san gaskiya.

Yadda ake yi yanzu kowa ya sani. Marubuciya ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, in labari ya kai inda ya yi daɗi, an ɗaura aure ko an gano asirin kishiya, sai ta ce daga nan littafin kuɗi ne, mai so ta biya ta turo shaidar biya a sa ta cikin guruf. Dabara ce mai kyau, ba faranti ba inji ba kuɗin mota. Amma mutane na ɗauka tunda ba takarda to ba sauran aiki, nan ne aka yi kuskure. Waya kuɗin takarda kawai ta ɗauke muna. Mai duba rubutu, mai tsara shafi, mai karɓo kuɗi, mai ajiye asalin littafi, duk waɗannan ayyukan na gidan wallafa suna nan, sai dai yanzu an jibga su bisa kan yarinya guda da salula mai fasasshen gilashi.

Bari in fara da kuɗɗi tunda nan ya fi yi mini ciwo. Ɗiyar tawa ta sa ma littafinta dala ɗari, wato sefa 500. Ƴan nan gida ba matsala sosai, wata ta turo ta Nita, wata ta Amana, wata ta Airtel Money, wata ma ta aiko ƙanenta da kuɗi a hannu. To amma masu karanta Hausar boko yawancinsu suna ƙetaren iyaka, Katsina, Kano, Zariya, Sakkwato, su kuma naira ce a hannunsu da asusun banki ko OPay, ba su san wata dala ɗari ba. Sai da munka roƙi wani ɗan uwa a Katsina ya ara muna asusunshi, kuɗi su taru can, in sun ɗan yi kauri ya ba wani direba ko ya tura ma ɗan canji, ɗan canji ya cire nashi ya ba mu sefa. Ita sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656, ba ta motsi, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta yi ta gangara, sai ya zama farashin da yarinya ta yanka da naira farkon littafi kafin ta kai ƙarshen shi ya zama wani abu daban in an canza. In ta ƙara farashi ƴan can su ce ta cika tsada, in ta bari ita ke faɗuwa. Ga kunya, ɗan uwan nan kullum wayarshi na ƙara, mata na kiranshi tsakar dare suna tambaya ko kuɗinsu sun shiga, har matarshi ta fara yi muna wani kallo. Marubutan can ma suna da irin wagga matsala ta ɗaya gefen, shi ya sa za ka ga ƙarƙashin tallar littafi an rubuta ƴan Nijar ga lambar da za ku tura. Kowa na lallaɓawa da ɗan uwa ko ƙawa.

Abin da ke ba ni mamaki, mu ne hwa Maraɗi. Garin da alhazai ke sauke tirela-tirela na kaya tsakanin nan da Kano bisa amana, da waya guda a ce na tura a ce na gani, garin da ake shimfiɗo titin jirgin ƙasa daga Kano domin shi, a ce sefa 500 ta mai karatu a Funtuwa ta kasa isowa hannun marubuciya a unguwar Zariya ko Bagalam sai ta rame a hanya.

Wani zai ce ai ga Amazon. Na sani, tun 2007 sunka buɗe ƙofa kowa ya ɗora littafinshi da kanshi, kuma suna ba marubuci kashi 70 cikin ɗari in ya sa farashi tsakanin dalar Amurka 2.99 da 9.99, in ya yi ƙasa da haka kashi 35. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma 2.99 ɗin nan ta haura jika ɗaya da rabi, wato sefa 1500, kuma sai da katin banki ake saye, ka nuna mini matar aure a Tibiri ko Gidan Rumji da za ta yi wannan don ta karanta labari. Wanda ya rubuta da Faransanci yana neman ƴan Nijar mazauna Faransa ko Kanada, shi ya je, hanya ce. Mu masu karatunmu suna cikin WhatsApp, da forfe, wato ɗan datar da ake saye, na kwana ɗaya.

Sai sata. Kwana ukku da kammala littafin, wata ƙawarta ta turo mata shi, an haɗe shi dokumen guda daga farko har ƙarshe, an cire sunanta daga sama, yana yawo kyauta. Bayan sati biyu kuma munka ji wani na karanta shi a YouTube da murya mai amo, ko sallama bai yi mata ba. Yarinya ta yi kuka ta rubuta Allah ya isa shafi guda. Na ce mata ɗiyata Allah ya isa gaskiya ce kuma za ta kama wanda za ta kama, amma ba ta sayen forfe. Muna da hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, kuma ina ba kowa shawara ya yi rajistar aikinshi don ranar gardama ya zama da takarda a hannu, sai dai wanda ya fitar da littafin ba ka san ko a Gusau yake ko a Agadas ba, lamba ce kawai ba fuska. Masu cewa a sa ma littafi makulli kuma, ni dai a ganina duk abin da ido ya gani waya za ta iya ɗaukar hotonshi. Abin da na ga yana ɗan aiki, kuma shi munka yi a littafi na biyu, kowane mai saye a ba shi kwafinshi da lambar wayarshi rubuce dishi-dishi a ƙasan kowane shafi, in ya fita an san ƙofar da ya bi, kuma mutanenmu na tsoron kunya fiye da kotu. Sannan sunan marubuciya a cusa shi cikin shafuka ba a bango kaɗai ba. Da yawa daga masu karanta na sata ba mugaye ba ne, hanyar biya ce ta yi masu wuya, na kyauta kuma yana tafin hannunsu.

Akwai kuma abin da ba a cika magana kanshi ba, ajiya. OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai da marubutan Hausa da dama sunka dogara da ita, tun 2013 take aiki, ranar 30 ga Nuwamban 2023 ta rufe. Ban ce sun yi laifi ba, kasuwa ce, kamfani na buɗewa yana rufewa. Amma wanda bai da kwafin littafinshi sai wanda ke can, ya ya ƙare? Haka wanda littafinshi duka yana cikin salula guda, ta faɗa rijiya ko a fizge ta bisa kabu-kabu, shi ke nan aikin shekara ya tahi. Na taɓa ganin wani dattijo malami da ya tara tarihin zuri'arsu tun zuwan Katsinawa, jikanshi ya buga mishi a waya, wayar ta mutu, ba kwafi ko ɗaya. Don Allah duk mai rubutu ya ajiye asalin a wuri ukku, cikin waya, cikin kilen USB ko katin memwar da ke ajiye a akwati, sannan ya tura ma kanshi ta imel. Ni har takarda nike cewa a fitar kwafi guda a ɗaure, kar a ce talla nike ma shagona, takarda dai ita ce ba ta buƙatar caji.

Yanzu bari in taɓa mu marubutan da kanmu, don ba duka laifin na iyaka da ɓarayi ba ne. Malam Edita kai ma shaida ne, wani littafin in ka buɗe sai kanka ya yi ciwo. Ba aya ba waƙafi, magana da labari a cakuɗe, ga harufa masu lanƙwasa an watsar da su gaba ɗaya, baki da baƙi duk ɗaya, kafa da ƙafa duk ɗaya, sai mai karatu ya yi ta duba. Alhali allon rubutu na Gboard na da Hausa, ka ɗora shi kyauta ka samu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Mu nan Nijar ƴ muke rubutawa bisa ƙa'idar da gwamnati ta tsayar a 1999, ƴan Najeriya su sa 'y, wannan ba abin faɗa ba ne, ka zaɓi ɗaya ka tsaya kanshi har ƙarshen littafi. In an zo maida shi PDF kuma a kula da irin harafin da anka zaɓa, wani bai da masu lanƙwasa, a kwamfutarka ka ga lafiya lau, a wayar mai saye sai ƴan akwatuna su fito a madadin ƙ. Charis da Andika da Noto duk suna da su kuma kyauta ne, a tabbata an cusa harafin cikin fayil ɗin. Wani kuskuren da kusan kowa ke yi, a tsara littafi bisa shafin A4 kamar takardar ofis, a waya rubutun ya koma kamar ƙwayar gero, mai karatu na ja da yatsa hagu da dama har ya gaji. A yi shi ƙaramin shafi da manyan baƙaƙe, ko a yi EPUB wanda shi rubutun ke bin girman gilashin waya kuma mutum ya ƙara girman harafi yadda idonshi ke so, manhajojin Calibre da Sigil na yin wannan ba ko dala. Hoton bango a rage mishi nauyi, rezo ɗinmu ba na wasa da mega ba ne. Waɗannan ba ilimin boka ba ne, yini biyu sun isa a koya ma mutum.

Wani abin da ke ɗan sosa mini rai, kuma na faɗa ma ɗiyar tawa ido da ido, labarinta a Abuja yake faruwa, gidan sama, saurayi ya dawo daga Landan, ita da ko Kano ba ta taɓa zuwa ba. Har Hausarta ta canza, ta bar munka da sunka don kar a ce mata baƙauya. Ta ce Kawu abin da ake saye ke nan. Wataƙila tana da gaskiya, ita ta san kasuwarta. Amma ni na ce wa zai rubuta Gulbin Maraɗi in ya kawo, wa zai rubuta ambaliyar 1945 da ta sa gari ya taso daga kwari ya hau tudu, zamanin dalar gujiya, jar akuyarmu da fatarta ta yi suna har Turai, tabkin Madarumfa, matan da mazansu sunka tahi Libiya ko Aljeriya shekara huɗu ba labari? Ƴan Kano ba za su rubuta muna wannan ba, kuma ina da yaƙinin in an rubuta shi da daɗi su ma za su saya don ba su san shi ba. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, mun yi murna an yi ta tura ma juna, to yaran da za a ce su karanta Hausa mi za su karanta? Gidajen wallafa irin su Albasa da Gashingo a Yamai sun yi ƙoƙari wajen littattafan harsunan gida, amma ba za su iya ɗaukar kowa ba, ƙasar ga da faɗi.

Shawarata ba babba ba ce, kuma ba sai an jira wani purje daga waje ba. Adashe muka iya, to a yi adashen wallafa. Marubuta goma ko sha biyar na cikin gari su haɗu, maza da mata, ko matan su yi nasu in haka ya fi masu sauƙi tunda su sunka fi yawa a harkar. A samu tsohon malamin lakwal guda mai sanin ƙa'idar rubutu ya riƙa duba kowane littafi kafin ya fita a biya shi ɗan abin goro, yaro guda mai hannu a kwamfuta ya riƙa tsara shafi da bango, sannan mutum guda amintacce, irin ƴan kasuwan nan da dama can suna da asusu a ɓangarorin biyu, ya riƙe lambar karɓar sefa da asusun karɓar naira da sunan ƙungiya ba da sunan mijin wata ba, da littafin lissafi da kowa zai iya dubawa ƙarshen wata. In kuɗin littattafai goma ne ke taruwa wuri guda, canji ɗaya za a yi mai kauri, abin da ɗan canji zai ci ya ragu, kuma mai saye a Kaduna ya san lamba guda da ba ta canzawa. Ƙungiyar ta ajiye asalin kowane littafi. Haƙƙin littafi kuma ya zauna hannun mai shi, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu kashi nawa ne na ƙungiya kuma na shekara nawa, don zumunci bai hana a rubuta, mun ga yadda ƙungiyoyi ke watsewa kan jika biyar.

Sannan masu turin fina-finai da waƙoƙi a bakin kasuwa da tasha, waɗanda ke cika ma mutane katin memwar, maimakon mu yi ta zaginsu a jawo su, a ba su littafi da izini su tura su cire nasu kason su kawo saura. Na san wani zai ci amana, amma yanzu ma ai duka suke ci. Kuma tunda mutanenmu da yawa ba su karanta Hausar boko, wasu Faransanci sunka yi a lakwal wasu allo kaɗai, amma kowa na da kunne, marubuciya ta riga ɓarawo, ta karanta littafinta da muryarta ko ta sa mai murya ya karanta da yardarta, a sayar da sautin tare da rubutun. Mai daka da mai ɗinki da direban da ke hanyar Dakwaro duk masu saye ne. Wanda kuma ya nace sai takarda, kamar ni, a fitar mishi kwafi goma ko ashirin a firinta a ɗinke, ba sai an tara dubu ba.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku ware muna ɗan lungu a jarida ko sau ɗaya a wata, wani ya karanta littafi guda daga cikin waɗanda ke fita a waya ya faɗi gaskiya kanshi, inda ya yi kyau da inda ya yi rauni, ya faɗi sunan mai shi da yadda za a saya ta halas. Yanzu sharhin da yaran nan ke samu bai wuce Allah ya ƙara basira da muna jiran ci gaba ba, ba mai ce masu babi na bakwai ya yi tsawo. Ita ɗiyar tawa ta fara na ukku, wannan karon ta ce a Maraɗi zai faru, wai labarin wata mai sayar da fura a tasha, na ce ta kawo in duba kafin ta saki ko shafi guda, ta ce to amma kar in taɓa mata zancen soyayyar.

Na gode, a gaida ma'aikata duka.

Naku,
Mushe mai shagon buga takardu, Maraɗi